Kun Tambaya, Mun Amsa: Maƙerar Jiragen Ruwa ta Laird

Tambaya: Assalamu alaikum. Dattawanmu na cewa cikin jiragen tururi na farko da Turawa suka shigo da su Kogin Kwara akwai wani mai suna Albarka. Da gaske ne ko zancen hira ne? In gaskiya ne, a ina aka ƙera shi?
Daga wani mai karatu a Lakwaja

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Dattawan nan ba su yi ƙarya ba. A shekarar 1832 jiragen tururi biyu suka baro Liverpool ta ƙasar Ingila suka nufo bakin Kwara. Babban na katako ne, sunansa Quorra, wato Kwara a bakin Bature. Ƙaramin na ƙarfe ne, an rubuta masa suna Alburkah, kuma daga kalmar nan tamu ta albarka aka ɗauko shi. Tsawonsa ƙafa 70, faɗinsa ƙafa 13, girmansa tan 55 kacal, ga ƙafafun tuƙa ruwa a gefe da gefe. Duk da ƙanƙantarsa ya ratsa teku da kansa har gaɓar Afirka ta Yamma, a zamanin da yawancin matuƙa ke rantsuwa cewa ƙarfe ba zai jure teku ba.

Wanda ya tsara shi, ya kuma biyo tafiyar da kansa, shi ne Macgregor Laird. Mahaifinsa William Laird mutumin Greenock ne a Sikotland, ya sauko kudu, a 1824 ya kafa maƙerar tukwanen tururi a Birkenhead, garin da ke kallon Liverpool daga ɗaya gaɓar Kogin Mersey. A 1828 babban ɗansa John ya shigo aikin, sai suka lura cewa hannun da ya iya lanƙwasa fallen ƙarfe ya dinke shi ya zama tukunyar da ba ta fitar da tururi, ai zai iya dinka jikin jirgin da ba ya shan ruwa. A 1829 suka fitar da jirgin dako na ƙarfe na farko. Shi Alburkah a ɓangaren Liverpool aka harhaɗa shi, amma sana'ar ta gidan ce.

Jirgin bai ba su kunya ba, mutanen ne suka ƙare. Alburkah ya hau har Raba a ƙasar Nufe, ya leƙa Binuwai, amma cikin Turawa 48 da suka tashi 9 ne suka koma gida. Zazzaɓi ya ci mafi yawa. Richard Lander, jagoran tafiyar, harbi ya samu a yankin bakin kogi, ya rasu a tsibirin Fernando Po a 1834. A 1841 gwamnatin Birtaniya ta sake turo jirage uku na ƙarfe, Albert da Wilberforce da Soudan, dukkansu ƙirar John Laird a Birkenhead, su ne suka kafa gonar gwaji a nan wajenku. Nan ma zazzaɓi ya kashe sama da mutum 40. A cikin wannan tafiya akwai Samuel Ajayi Crowther da wani ɗan mishan Bajamushe, J. F. Schön, wanda ya buga jerin kalmomin Hausa a 1843.

Abin bai sauya ba sai 1854, da jirgin Pleiad, shi ma ƙirar Birkenhead, mai farfela a baya maimakon ƙafafun gefe. Likita William Baikie ya ɗora wa Turawan jirgin shan kwinin kullum, tun kafin ciwo ya zo. Suka yi kusan wata huɗu a ruwa, suka hau Binuwai nesa da inda wani jirgi ya taɓa kaiwa, ba wanda ya mutu. Bayan shekara uku wani jirgin da Macgregor Laird ya turo, Dayspring, ya bugi dutse a Jabba ya lalace, kuma daga wannan tafiyar ne Baikie ya ƙare da zama a Lakwaja. To ka ga garinku da wannan maƙera akwai tsohuwar alaƙa, ko da yake ba kowa zai kira abin da ya biyo bayan jiragen albarka ba.

Tambaya: Ni walda nake yi shekara da shekaru. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, kafin a san walda da me ake haɗa ƙarfen jirgi har ruwa ya kasa shiga?
Daga wani mai walda a Ƙofar Ruwa, Kano

Amsa: Maigida, da ribiti, irin ƙusar nan mai kai ɗaya da kake gani a tsofaffin gadojin jirgin ƙasa. Kusan shekara ɗari maƙerar Laird da ita take ɗinki, kuma aikin ya fi ƙarfin a ce bugun guduma ne kawai.

Ana fara aza ƙashin bayan jirgi bisa tubalan katako. Sai haƙarƙari: a gasa dogon ƙarfe a tanda har ya yi ja, a jawo shi kan wani faffaɗan daɓen ƙarfe mai ramuka, a kafa turaku bisa zanen da aka ɗauko daga ɗakin zane, inda ake zana jirgin da ainihin girmansa a kan daɓen katako. A lanƙwasa shi da sauri kafin ya huce. Ƙwararre yakan ɗan wuce zanen da gangan, don ya san ƙarfe zai ɗan dawo in ya yi sanyi. Da an tsai da haƙarƙari sai a soma rufa falle, bakin wannan ya hau kan bakin wancan.

Ga lissafin da ake bi. Fallen da kaurinsa ya kai rabin inci, ribitin inci uku bisa huɗu ake ba shi. Ramin ya ɗara ribitin da kashi ɗaya cikin 16 na inci, don ƙarfe mai zafi kumbura yake. Daga tsakiyar rami zuwa bakin falle, kaurin ribiti ɗaya da rabi. In an matso da shi baki fiye da haka sai bakin ya tsage. Tsakanin ribiti da ribiti a layin da dole ya tare ruwa, kamar kaurin ribiti huɗu zuwa huɗu da rabi. In mai zai tare, a ƙara matse su, don mai ya fi ruwa iya neman hanya. Kafin a buga ko ɗaya sai an ɗaure fallayen da noti na wucin gadi sun manne sosai.

Mutum biyar ne ƙungiya guda. Yaro mai gashi yana gaban murhun kwal da zuga-zuginsa. In ribiti ya yi ja jawur sai ya cafko da awartaki ya miƙa ko ya jefa wa yaro na biyu, shi kuma ya zura a rami. Na uku yana ciki, ya danne kan ribitin da ƙaton ƙarfe mai nauyi. A waje maƙera biyu ne, an fi son ɗaya bahago ɗaya mai dama, su riƙa saukar da guduma bi da bi har wutsiyar ta baje ta cika ramin. Asirin yana cikin hucewa: ribiti na sanyi yana tsukewa, sai ya ja fallayen biyu ya matse su da ƙarfin da hannu ba zai iya ba. Bayan haka mai toshiya ya bi bakin fallen da kurfi marar kaifi, yana dukan gefen ƙarfen yana cusa shi jikin na ƙasa. Ba roba, ba danƙo. Ƙarfe ne ke toshe ƙarfe.

Inda ake samun ɓarna kuwa sananne ne. Ribitin da ya huce kafin a gama bugu ba ya cika rami, yana nan yana lilo. Wanda ya wuce wuta ya ƙone, kansa kan ɓalle daga baya. In ramuka biyu ba su yi daidai ba, malalaci kan cusa ƙarfe mai tsini ya buɗa da ƙarfi, sai ramin ya zama kamar ƙwai, gefensa ya yi ƙananan tsaga. Daidai shi ne a gyare ramin da abin huda a sa ribiti mafi kauri. Da yake da ɗari-ɗari ake biyan kuɗin aiki, gaggawa ba ta ƙarewa, shi ya sa mai duba aiki ke bin layi da 'yar guduma, ya ɗora yatsa a kan ribiti ya ƙwanƙwasa. Mai kyau ƙara yake yi tsaf, marar kyau yatsa zai ji yana rawa. A zagaye shi da alli, a sare, a sake, kuma ba a biyan na biyu. Yawancin masu wannan sana'a da kurumta suke tsufa.

Taku sana'ar kuma a wannan fili ta fara shiga teku. A 1920 maƙerar ta fitar da Fullagar, ɗan jirgin dako mai tsawon ƙafa 150, wanda ake lissafa shi a matsayin jirgin teku na farko da aka haɗa jikinsa gaba ɗaya da waldar lantarki. Ribar a fili take: ba hawan falle kan falle, ba kawunan ƙusa, ba dubban ramuka. Jirgin yaƙi mai ɗaukar jiragen sama, Ark Royal, da suka saka a ruwa a 1937, wajen kashi 65 cikin ɗari na jikinsa walda ce, an rage masa nauyin kusan tan 500. Sai dai walda ta zo da nata ciwon, kuma kai ka san shi. Falle na murɗewa in aka bi layi ɗaya daga farko har ƙarshe ba a rarraba zafi ba. Mafi muni, a jirgin ribiti tsaga na tsayawa a bakin falle, a jirgin walda kuwa jiki ɗaya ne, tsaga na iya zagaye shi duka. Haka ta faru da wasu jiragen dako na Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu, suka rabe biyu a ruwan sanyi. Da aka bincika sai aka ga tsagar daga kusurwar bakin rumbun kaya take tashi, inda aka yanka shi da kwana mai kaifi, ga ƙarfen kuma yana bushewa kamar kasko in sanyi ya yi yawa. Tun daga nan ake zagaye kowace kusurwa, ake kuma gwada ƙarfe a sanyi kafin a karɓe shi.

Tambaya: Ɗalibaina sun tambaye ni dalilin da ya sa ƙusa ke nutsewa amma jirgin ƙarfe ba ya nutsewa. Na ba su amsa, amma ina son ƙarin bayani a kan matsalolin da masu ƙirar farko suka fuskanta.
Daga wata malamar kimiyya a Zariya

Amsa: Malama, ba su misali da kwanon sha. Ruwa mai cika akwatin mita ɗaya ta kowane gefe tan ɗaya ne, na teku kilo 1,025 saboda gishiri. Jirgi yana nitsa har sai ruwan da ya ture ya yi nauyinsa, sai ya tsaya. Shi ya sa jirgin da ya baro teku ya shigo kogi yake ɗan ƙara zama cikin ruwa, abin da matuƙin Kwara ba ya wasa da shi in rani ya yi. Abin da ya ba mutanen da mamaki shi ne jirgin ƙarfe ya fi na katako mai girmansa rashin nauyi, don falle siriri ne ke yin aikin gungume. Don haka yana tafiya a ruwa marar zurfi, ana kuma iya kwance shi gunduwa-gunduwa. Da haka Laird ya ci kasuwa: Lady Lansdowne a 1833 aka kai shi Ayilan a wargaje aka haɗa a bakin Kogin Shannon, John Randolph a 1834 aka haɗa shi a Savannah ta Amurka, wasu biyu kuma aka ja su ta tudu daga gaɓar Siriya har Kogin Furatu. Nemesis na 1839, wanda Turawa suka yaƙi ƙasar Sin da shi a kan cinikin ofiyom, ƙafa shida kawai yake ci a ruwa, yana shiga rafukan da manyan jiragen yaƙi ba sa iya shiga.

Matsala ta farko kamfas. Jikin jirgi kan ɗauki maganaɗisu tun a wurin ƙira, saboda dukan guduma yana kwance yana fuskantar gefe ɗaya wata da watanni. Allurar sai ta karkace, kuma karkatar na sauyawa duk lokacin da jirgi ya juya. A 1838 masanin taurari George Airy ya yi gwaji a kan Rainbow, jirgin Laird, ya nuna yadda ake jera ƙananan maganaɗisu da baƙin ƙarfe kusa da kamfas su soke jan jikin jirgin. Har yau sabon jirgi sai an kewaya da shi a ruwa ana duba kamfas ta kowace fuska.

Ta biyu ƙazantar ƙasan jirgi. Na katako fallen jan ƙarfe ake lulluɓa masa, ciyawa da ƙananan kifin ɓawo ba sa kama shi. In aka yi wa na ƙarfe haka, ruwan gishiri ya mai da su batir, jan ƙarfen ya zauna lafiya, jikin jirgin ya narke. Dole aka koma kankarewa da fenti. Tsatsa ma ta ba su kunya a 1858, da suka yi wa David Livingstone jirgin Ma Robert don Kogin Zambezi da wani sabon sitil siriri ƙwarai. Bai yi shekara biyu ba ƙasansa ya zama rariya.

Ta uku ita ce ta rai. Falle in ya huje ba ya kumbura ya toshe kansa kamar katako. Maganin da Laird ya riƙe tun farko shi ne bangayen ƙarfe da ke raba cikin jirgi ɗaki-ɗaki, in ɗaya ya cika sauran su riƙe. Wani jirginsu na 1845, mai suna Birkenhead, yana da su, amma da aka mai da shi na jigilar sojoji sai aka fasa ƙofofi a jikinsu don sauƙin wucewa. A Fabrairun 1852 ya bugi dutse a gaɓar Afirka ta Kudu, ruwa ya bi ta ƙofofin nan. Cikin mutum sama da 600, 193 ne suka tsira. Sojojin suka tsaya a sahu aka fara fitar da mata da yara.

Tambaya: Mu nan in mun gama kwalekwale samari goma ke tura shi ruwa. Jirgin da ya kai tsawon unguwa fa, wa ke tura shi?
Daga wani maƙerin jirgi a Yawuri

Amsa: Nauyinsa ne ke tura shi, Malam. Aikin mutane shi ne su hana shi tafiya sai lokacin da suke so. Tun farko a gangara ake gina shi, kamar ƙafa ɗaya a cikin kowace ƙafa 20, bayansa na kallon ruwa. In an kusa gamawa sai a shimfiɗa hanyoyi biyu na manyan katakai a ƙarƙashinsa, dama da hagu, har cikin ruwa. A narka kitsen dabba a zuba a kai ya daskare, a bi shi da sabulu mai laushi. Daga baya giris ya maye gurbinsu. A ɗora wasu katakan a kan kitsen, waɗanda za su tafi da jirgin, a gina masa gado a kansu, mai tsawo a gaba da baya inda jikinsa ya tsuke. Faɗin hanyar lissafi ne, ana neman wajen tan biyu a kan kowace ƙafa ɗaya murabba'i. In nauyin ya wuce haka kitsen ya matse ya fita, jirgi ya kafe. In bai kai ba, ba zai motsa ba.

Ranar sakawa, tun asuba ɗaruruwan mutane ke jere a ƙarƙashinsa suna buga weji a tare, har nauyin ya tashi daga tubalan da aka gina shi a kai ya koma kan gadon. A zare tubalan, a cire tokare, ya rage 'yan makullan ƙarfe ne kawai ke riƙe da shi. Su ake saki.

Daƙiƙa ƙasa da sittin ce, amma nan hatsari yake. In ruwa bai cika sosai ba, bayan jirgi ya wuce ƙarshen hanya bai samu abin da zai ɗaga shi ba, sai ya dunkuya, ƙasansa ya lotse a bakin hanyar. In ya ɗagu kuma, nauyin da ya rage duk ya taru a gadon gaba, in bai da ƙarfi ya murƙushe. Shi ya sa ba a zaɓen rana don jin daɗin manyan baƙi. Ruwan Mersey na hawa da sauka har kusan mita goma a manyan ranakunsa, sai an jira cikarsa. Wannan kogi ne ma ya sa a 1857 John Laird ya bar tsohon wurinsa na cikin lungu ya dawo bakinsa sosai. Faɗinsa ya isa jirgi ya sulala ya tsaya kafin jiragen ja su kama shi, alhali a ƙananan koguna sai an ɗaura masa tarin sarƙoƙi yana ja a ƙasa su rage masa gudu. A haka Mauretania, mai tan sama da 35,000, ya sauka a Yulin 1938.

Tambaya: Wai an taɓa cin Birtaniya tara saboda jirgin da wannan kamfani ya ƙera?
Daga wani ɗalibin shari'a a Maiduguri

Amsa: An yi. Lokacin yaƙin basasar Amurka, 'yan Kudu masu riƙe da bayi suka yi odar jirgi a ɓoye, a filin ana kiransa lamba 290. A ƙarshen Yulin 1862 ya fita da sunan gwaji bai dawo ba. A tsibiran Azores aka ɗora masa bindigogi ya zama Alabama, ya kama ko ya ƙona jiragen Arewa sama da 60 kafin a nutsar da shi kusa da Cherbourg ta Faransa a 1864. Kotun sulhu a Geneva ta yanke a 1872 cewa Birtaniya ta yi sakaci, ta biya dala miliyan 15 da rabi a kan ɓarnarsa da ta wasu jiragen irinsa. Abin dariya, gidan da ya yi suna da ƙarfe, jirginsa da ya fi tada ƙura na katako ne. Wasu biyu masu sulke da aka ce wai na Masar ne, gwamnati ta tare su a 1863 ta saye.

Tambaya: A cikin haɗurran da suka sami jiragen wannan maƙera, akwai wanda laifin ƙira ne ba na matuƙa ba?
Daga wani injiniya a Kaduna

Amsa: Injiniya, guda biyu sun isa a karantar a aji. Na farko Captain, jirgin yaƙi da aka yi bisa ra'ayin wani hafsa, Cowper Coles, duk da adawar babban mai tsara jiragen gwamnati, Edward Reed. An so bene ya tashi kamar ƙafa takwas daga ruwa. Ba a tsare awon kayan da ake ɗorawa ba lokacin gini, ya fito da ƙarin nauyi sama da tan 700, benen ya sauko ƙafa shida da rabi, ga manyan filafilai a sama. Da ya karkata digiri 14 bakin bene ya taɓa ruwa, daga digiri 21 kuwa ƙarfin da ke mai da shi tsaye raguwa yake. Maƙeran sun nemi a yi gwajin karkata, wato a matsar da nauyin da aka sani daga gefe zuwa gefe a auna da igiya mai dalma, don a gano inda tsakiyar nauyinsa take. An yi gwajin, amma jirgin ya tashi kafin lissafin ya isa hannun masu shi. A Satumbar 1870 iska ta kife shi a gaɓar Sifen, mutum kusan 500 suka halaka har da Coles, 18 suka tsira.

Na biyu ɗigon fenti ne. Ran 1 ga Yunin 1939 sabon jirgin ƙarƙashin ruwa, Thetis, ya fita gwajin nutso da mutum 103, ma'aikatan maƙera da yawa a ciki. Ya ƙi nutsewa don gabansa bai yi nauyi ba, sai wani hafsa ya je duba ko bututun harba topido, wato bam mai tafiya a ƙarƙashin ruwa, na da ruwa. Kowane bututu na da ƙofa biyu, ta waje da ta ciki, a jikin ta ciki akwai ɗan famfo: ka buɗe, in ruwa ya tsarto kada ka taɓa ƙofar. Ramin famfon bututu na biyar fenti ya toshe shi, bai ɗiga ba, ƙofar waje kuma a buɗe take. Akwai ɗan tsinken ƙarfe da aka tanada don soka ramin, ba a yi amfani da shi ba. Da aka buɗe, teku ta shigo, ɗakuna biyu suka cika. Mutum huɗu suka fita, 99 suka mutu, yawanci da gurɓatar iska, alhali wutsiyar jirgin ta yi sa'o'i a waje ana kallo. Bayan haka aka ƙara wani maƙali da ke hana ƙofar ciki buɗewa gaba ɗaya sai an ga abin da ke bayanta, kuma da sunan Thetis ake kiransa.

Tambaya: Har yanzu suna aiki, ko sun bi sahun masaƙunmu?
Daga wata 'yar kasuwa a Kantin Kwari

Amsa: Hajiya, sun faɗi sau biyu, sun tashi, amma ba da tsohon jiki ba. A 1903 kamfanin Laird ya haɗe da kamfanin sitil na Charles Cammell da ke Sheffield, aka sami sunan Cammell Laird, don mai yin sulke da mai yin jirgi su zama gida ɗaya. Daga nan gwamnati ta zama babbar mai saye: jiragen yaƙi Rodney, Prince of Wales, Ark Royal na biyu a 1950, sai jiragen ƙarƙashin ruwa masu injin nukiliya guda uku a ƙarshen shekarun 1960, cikinsu har da Conqueror da ya nutsar da jirgin Ajantina, General Belgrano, a 1982.

A wannan tsakani kasuwar jiragen dako ta gudu. Japan, daga baya Koriya ta Kudu, suka gina sababbin filaye inda ake haɗa manyan ɓangarori a cikin rumfa, a ɗauko da injin ɗaga kaya a jona, jirgi iri ɗaya a yi ta maimaitawa. A Birkenhead kowane jirgi da nasa zane, kowace sana'a da tata ƙungiya, ana ta rigimar wa ya kamata ya huda wane rami. Jirgin sama kuma ya kwashe fasinja. Gwamnati ta karɓe maƙerar a 1977, aka yi mata katafariyar rumfar gini, amma oda ba ta zo ba. A 1984 ma'aikata suka mamaye wurin don hana kora, aka ɗaure 37 a kurkuku. Abin da muke ganin ya karya ta shi ne sanya ta a jerin masu ƙera jiragen yaƙi zalla, wanda ya haramta mata tallafin da ake ba masu ƙera na kasuwa. Aka sayar da ita a 1986, Yaƙin Cacar Baka ya ƙare, odar soja ta ƙafe. Unicorn ne jirginta na ƙarshe, aka rufe a 1993.

Wasu suka farfaɗo da sunan da aikin gyara, har suka karɓi kwangilar ƙara wa jirgin shaƙatawa na Italiya, Costa Classica, tsawo: a yanka shi biyu a cusa sabon ɓangare mai kusan mita 45. An gama ɓangaren, jirgin ya taso, a Nuwamban 2000 masu shi suka juya da shi daga hanya bisa saɓani a kan aikin. Kuɗin kamfani na kwance a jikin ƙarfen da ba wanda zai saya, a 2001 ya durƙushe. Masu gyaran jirage na yankin suka sake karɓar filin, suka maido da sunan. Yau abincinsu gyaran jiragen dakon sojan ruwa ne da jiragen fito da haɗa ɓangarori ga wasu maƙeru. Sun yi ɓangarorin benen jirgin yaƙi Queen Elizabeth, kuma a Yulin 2018 jirgin binciken ƙanƙara Sir David Attenborough, mai tsawon mita 129, ya sulala daga gangararsu zuwa cikin Mersey.